Ba Dole Sai An Cire Haƙorin Yaro Ba

Yau filin namu cikin bakin 'ya'yanmu zai leƙa, domin akwai wata magana da manyan likitocin duniya suka daɗe suna tattaunawa a kanta har suka yanke shawara, amma mu da muke riƙe da yaran labarin bai iso mu sosai ba. Maganar kuwa ita ce ta kogon haƙori, wanda wasu ke kira cin zuma, da yadda ake iya tsayar da shi a bakin ƙaramin yaro ba tare da allura ba, ba injin huda haƙori, ba kuma cirewa.

Ga abin da ya sa na ɗauko zancen. A ajin da nake koyarwa akwai wata yarinya 'yar shekara bakwai, mai ƙoƙari ƙwarai, kullum ita ke fara ɗaga hannu in an yi tambaya. Sai na lura ta daina. Takan kifa kai a kan tebur, in an tashi tara ba ta cin komai, in kuwa ta ci da gefe ɗaya take tauna. Ran nan sai ga ta da kunci a kumbure. Da na aika aka kira uwar sai ta ce mini, "Malama, ai haƙorin yarinta ne, zai famfare. Mun sa mata kanumfari." Ban ga laifinta ba, don ni ma abin da na taso ina ji ke nan. Amma sai da yarinyar nan ta yi kwana tara ba ta zo makaranta ba. Daga ƙarshe aka kai ta asibiti, mutum biyu suka riƙe ta aka cire haƙorin. Har yau in ta ji an ambaci likita sai jikinta ya ɗauki rawa. Haƙorin da aka cire kuwa matauni ne, wanda magajinsa ba zai fito ba sai ta kai wajen shekara 10 ko 11.

To, mu fara da wannan magana ta "zai famfare". Haƙoran yarinta guda 20 ne. Sukan fara fitowa yaro yana da kamar wata 6, su gama fitowa kafin ya cika shekara 3. Na gaba su ne ke fara famfarewa a shekara 6 ko 7, amma na ciki, watau matauna, sukan zauna har shekara 10 zuwa 12. Ke nan idan matauni ya yi kogo yaro yana da shekara 4, muka ce a jira ya famfare, shekara shida ko fiye muka ce ya yi yana fama. Kuma kowane haƙorin yarinta gadin wuri yake yi wa wanda zai gaje shi. In an cire shi tun lokaci bai yi ba, maƙwabtansa sai su matso su cike giɓin, sabon kuma in ya tashi fitowa ya rasa wuri ya fito a karkace. Idan kuwa aka bar shi ya ruɓe har gindinsa ya yi mugunya, tana iya taɓa sabon haƙorin da ke kwance a ƙarƙashinsa.

Kada ki ɗauka abin a gidanki kaɗai yake. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Nuwamba na 2022 ya ce yara miliyan 514 ne a duniya suke da kogo a haƙoransu na yarinta. Tun a 2021 babban taron hukumar ya zartar da ƙuduri cewa ƙasashe su daina jiran sai haƙori ya lalace kafin a taɓa shi, su mai da ƙarfi ga rigakafi, su kuma sa kula da baki cikin aikin ƙananan asibitoci. A wannan shekarar ce kuma hukumar ta ƙara abubuwa uku a jerin magungunan da ta ce bai kamata a rasa su a kowace ƙasa ba: man goge baki mai sinadarin fuloraid, da wani irin simintin cike haƙori, da wani ruwan magani na azurfa. A watan Nuwamba na 2024 wakilan ƙasashe suka sake haɗuwa a Bankok ta ƙasar Tailan a kan wannan batu. Burin da aka sa a gaba shi ne zuwa 2030 mutum 80 cikin 100 na duniya su kasance suna da haƙƙin samun kula da baki ta yau da kullum. Wannan alkawari ne babba, kuma mu iyaye mata ya kamata mu san an yi shi don mu san abin da za mu tambaya.

Kafin mu ga dabarun, sai mun san abin da ke cin haƙorin. Babu tsutsa a ciki, duk kuwa wanda ya ce zai fitar miki da ita kuɗinki yake so. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, suna zaune a cikin dattin nan mai yauƙi da ke mannewa a haƙori. Duk lokacin da sukari ya shiga baki sai su ci, su fitar da wani ruwa mai tsami wanda ke narkar da ɓawon haƙori kaɗan kaɗan. Miyau yakan wanke tsamin ya gyara ɓarnar, amma yana bukatar kamar rabin sa'a ko sa'a guda. In yaro ya sha alawa da safe, ya ƙara da minti a tara, ya dawo ya sha lemon kwalba, ya kwanta da fida cike da shayi mai sukari a baki, miyau bai sami sararin yin aikinsa ba ke nan. Da dare ma abin ya fi muni, domin miyau yakan ragu in mutum yana barci.

A nan ne ilmin ya canza. Da can an ɗauka dole sai an kankare duk inda ya ruɓe da inji kafin a cike. Daga baya aka gane cewa in an kashe ƙwayoyin nan, ko an toshe su yadda sukari ba zai kai gare su ba, ruɓar takan tsaya cik. Haƙorin yarinta kuwa ba a bukatar ya yi shekara hamsin. Abin da ake nema shi ne ya zauna lafiya, ba ciwo, har ranar da zai faɗi da kansa.

Dabara ta farko ita ce ruwan azurfar nan, wanda likitoci ke kira SDF. Azurfa ce da fuloraid aka haɗa, mai ƙarfin kashi 38 cikin 100 aka fi amfani da shi. Azurfar tana kashe ƙwayoyin cutar, fuloraid kuma yana taurara haƙorin da ya yi laushi. Ma'aikaci zai share haƙorin, ya tsane shi da auduga, ya ɗiga maganin da ɗan ƙaramin buroshi, ya jira kamar minti ɗaya, shi ke nan an gama. Ɗigo ɗaya yakan ishi haƙora da dama, har biyar. Yaro yana iya zama a cinyar uwarsa a yi masa. Maganin ba sabo ba ne. Tun wajen 1970 ake aiki da shi a Japan, likitocin Jami'ar Hon Kon suka gwada shi a kan yaran makarantun reno na ƙasar Sin suka buga sakamakon a 2002, Amurka kuma ta yarda a sayar da shi a 2014. Da aka tattara gwaje-gwajen da aka yi, an ga yana tsayar da kogo kusan 8 cikin 10 a haƙoran yarinta. Ya fi aiki in ana maimaita shi sau biyu a shekara.

Amma fa yana da aibinsa, kuma ba zan ɓoye miki ba. Duk inda ya ruɓe, da maganin ya taɓa shi sai ya koma baƙi ƙirin, kuma baƙin ba ya fita sai haƙorin ya famfare. Inda ke da lafiya ba ya rinewa. In ya ɗiga a leɓe ko fata yakan yi tabo kamar na lalle ya goge cikin 'yan kwanaki, a tufafi kuwa ba ya fita. Ba ya cike ramin, tsayar da ruɓar kawai yake yi. Ba a kuma sa wa yaron da jikinsa ba ya son azurfa, ko wanda ke da gyambo a baki a lokacin.

Dabara ta biyu a nan Afirka aka haife ta. A tsakiyar shekarun 1980 wani likitan haƙori ɗan ƙasar Holan mai suna Jo Frencken yana aiki a Tanzaniya, inda wurare da yawa ba lantarki balle injin huda haƙori. Sai ya koma ga 'yan ƙarafan hannu masu kama da ƙaramin cokali, a kwashe ruɓaɓɓen wurin mai laushi a hankali, a bar mai tauri, sa'an nan a cike ramin a danna da yatsa. Simintin da ake cikewa da shi yanzu fari ne, yana kama haƙori da kansa, yana kuma sakin fuloraid a hankali. An gwada dabarar a Tailan da Zimbabuwe, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta gabatar da ita ga duniya a 1994. Ana kiranta ART. Galibi ba ta bukatar allura, ana iya yinta a kan teburin makaranta. Ta fi ƙarko a ƙaramin rami mai fuska ɗaya. In ramin ya yi faɗi ya ci gefen haƙori, cikon yakan faɗi da wuri.

Irin wannan babban ramin shi ne aikin dabara ta uku. Wata likita ce a arewacin Sikotilan, Norna Hall, ta ga yara masu kogo sun yi mata yawa, sai ta riƙa ɗaukar 'yar hula ta ƙarfe marar tsatsa, ta cika ta da siminti, ta kifa a kan matauni yadda yake, yaro ya cije ta zauna. Ba allura, ba kankara. Ruɓar da aka rufe ta rasa abinci sai ta tsaya. An buga labarin aikinta a 2006, gwajin da ya biyo baya kuma ya nuna fiye da 9 cikin 10 na hulunan suna nan lafiya bayan shekara biyar. A Sudan ma an gwada, aka buga a 2019, sakamakon ya yi kyau. Kwanakin farko yaro zai ji haƙorin ya ɗan yi tsawo, cikin 'yan makonni cizon ya daidaita. Ranar da haƙorin zai famfare tare da hularsa zai faɗi. Wannan dabara ta fi sauran tsada, kuma tana son ƙwararren da zai tabbatar ruɓar ba ta kai ga jijiya ba.

Akwai kuma na huɗu, wanda shi tun kafin rami ya buɗe ake yinsa. In kika ɗaga leɓen yaro na sama kika ga wani fari-fari kamar alli a gindin haƙori kusa da dasashi, farkon ruɓa ke nan. A wannan mataki ana shafa wani man fuloraid mai kauri kamar fenti, sau biyu ko fiye a shekara, wurin yana iya warkewa ba tare da ya yi rami ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Duk dabarun nan na haƙorin da ruɓarsa ba ta kai ga jijiya ba ne. Idan yaro ya fara tashi cikin dare yana kuka ba tare da ya ci komai ba, ko wani ɗan ƙurji ya fito a dasashi, ko kunci ya kumbura, lokacinsu ya wuce. Sai dai aikin jijiya ko cirewa. Ɗalibata da na ba ku labari, da an ga haƙorinta shekara guda kafin nan, mai yiwuwa ɗigo ɗaya ya ishe ta. Saboda haka sauƙin da aka samu na mai sammako ne. In kuwa kumburi ya haɗu da zazzaɓi, ko ya doshi ido ko wuya, kada a kwana, a tafi asibiti. Kanumfari yana rage zafi na ɗan lokaci amma ba ya tsayar da ruɓa. Ruwan batir da ƙwayar asfirin da wasu ke cusawa a rami kuwa ƙona dasashi suke yi.

Na san abin da wata za ta ce: "Ni a mai da wa 'yata haƙori baƙi? Me dangin ubanta za su ce?" Tambaya ce mai kyau, kuma iyaye a wasu ƙasashe ma sun yi ta, musamman a kan haƙoran gaba. Amma mu auna. Matauni can ciki yake, ba mai ganinsa sai wanda ya leƙa. Na gaba kuwa su ne ke fara faɗuwa, sabon da zai fito kuma fari tas zai fito, maganin ba ya rina shi. Likita yana ma iya rufe baƙin da farin simintin nan daga baya. Ban da haka, mu ne fa muka taso muna ganin kakanninmu suna rina haƙora da fure da goro don ado, muna kuma yi wa Hajiya barka da haƙorin Makka. Hular ƙarfe a bakin yaro ba za ta zama abin kunya a wurinmu ba, sai in mu muka mai da ita haka. Haƙori baƙi mai tauri wanda ba ya ciwo ya fi mai launin ƙasa da ke hana barci. Sai dai wajibi ne ma'aikaci ya gaya wa uwa tun kafin ya ɗiga, ta yarda, ta kuma sanar da maigida, kada a je gida a yi rigima.

Wata kuma za ta ce ta ji fuloraid guba ne. Maganar tana da tushe. A Langtang ta Jihar Filato ruwan wasu wurare yana da fuloraid da yawa har haƙoran mutane kan yi dabbare-dabbare. A Tibiri ta yankin Maraɗi kuwa, daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa wajen 2000, ruwan famfo mai fuloraid fiye da kima ya lanƙwasa ƙasusuwan yara da yawa. Wannan illar shan ruwa ce kullum, shekara da shekaru, wanda ya wuce iyakar miligiram 1.5 a lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa. Ɗigon da ake sawa a haƙori sau biyu a shekara, da ɗan man da ake gogawa a tofar, ba su kai nan ba. Gishiri ma in ya yi yawa ɓata miya yake yi.

To, in dabarun suna da sauƙi haka, me ya sa yawancinmu ba mu taɓa jin an ambace su a asibitin unguwa ba? A ganina dalili shi ne har yanzu mun bar maganar haƙori a hannun likitocin haƙori kaɗai, su kuwa ba su da yawa, kuma akasarinsu suna manyan birane da asibitocin koyarwa. Matar ƙauye ba za ta biya kuɗin mota zuwa birni don ɗan tabo a haƙorin da bai fara ciwo ba. Sai ya kumbura za ta tafi, a lokacin kuwa cirewa ce ta rage. Sa magani a jerin Hukumar Lafiya ta Duniya ba ya kawo shi ɗakin shan magani. Sai gwamnati ta saya, ta rarraba, ta koyar da masu sawa.

Kuma ana iya koyarwa. A wani babban gwaji da aka yi a makarantun firamare na birnin Niyok daga 2019 zuwa 2023, a kan dubban yara, nas-nas sun sa ruwan azurfar nan kuma aikinsu bai gaza na ma'aikatan haƙori ba. Mu ma muna da ma'aikatan kula da haƙori da makarantunmu ke yayewa, muna da malaman asibiti a kusan kowace gunduma. Uwa tana kawo yaro allurar ƙyanda yana wata 9, ta sake kawo shi yana wata 15, lokacin haƙora sun fito. Me zai hana a ɗaga leɓensa a duba a ranar? Me zai hana ma'aikaci ya zo makaranta sau biyu a shekara, kamar yadda ake zuwa rigakafi? A 2022 gwamnatin tarayya ta fara karɓar harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai sukari. Tun da sukari ne ke kawo ɓarnar, adalci ne a ce wani kaso na irin wannan kuɗi ya koma bakin yara. Ina kira ga kwamishinonin lafiya da shugabannin ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin mata su ɗauki wannan magana.

Kafin su ɗauka, ga namu aikin a gida, domin ko an tsayar da kogo ɗaya, in hali bai canza ba wani zai buɗe a gefensa. Da haƙorin farko ya fito a fara goge shi, safe da dare, na daren ya fi muhimmanci. A duba jikin man goge baki a ga an rubuta fuloraid, da lamba 1000 zuwa 1500. Yaron da bai kai shekara 3 ba a sa masa kamar ƙwayar shinkafa, daga 3 zuwa 6 kamar ƙwayar wake. Ya tofar, kada ya kurkure da ruwa, don maganin ya zauna. Ke za ki goge masa ko ki tsaya a kansa har ya kai shekara 7 ko 8, don hannunsa bai iya kaiwa lungu ba. Asuwaki yana da kyau, yana fitar da datti, a ci gaba da shi, a haɗa da man. Kada a kwantar da yaro da fida mai shayi ko lemo. A ci gaba da ba da nono, a dai share haƙoran kafin barci. Alawa da nakiya da tuwon madara ba a hana su ɗungum ba, a ba shi bayan cin abinci sau ɗaya, ya fi a bar shi yana tsotsa yini guda. Kuɗin tara kuma a riƙa tambayar me aka saya da su, gyaɗa da ƙwai da ƙosai sun fi minti.

Abu na ƙarshe, uwargida. Yau da dare in kin gama aiki, ki zaunar da ƙaraminki a cinya, ki haska fitila, ki ɗaga leɓensa ki duba, ki leƙa har can ciki. In kin ga fari kamar alli, ko tabo, ko ɗan rami, kada ki jira ya yi kuka. Ki kai shi inda ake duba haƙori, ki tambayi likita da bakinki, "Ana iya tsayar da shi ba a cire ba? Kuna da SDF, ko ART, ko hular Hall?" In babu, tambayarki ta sa sun san ana nema. In mu da yawa muka tambaya, wata rana za a kawo.

Allah ya raya mana zuriya, ya ba su lafiya. Sai mun sake saduwa a wannan fili.